A Kira Kakarshi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama mai jego ina ƴar shekara goma, a gaban matan unguwarmu kaf, har da jakin aro.

Kafin in kai ku wurin jakin, sai na fara gaya muku cewa ni ƴar fari ce. Wanda ya tashi a gida irin namu a cikin tsohon garin Agadas ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana. Idan da mutane ba ta zama kusa da ni, idan na gaishe ta sai ta amsa tana duban tukunya. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma kamar tana Agadas ni ina Timiya. In tana son in ɗebo ruwa sai ta ce, “Ke.” In baƙuwa ta tambaya ɗiyar wa ce wannan, sai ta ce, “Ta tsohuwa ce,” ta ci gaba da tankaɗenta. Ƙannena kuwa, goyo, wasa, kitso a kan cinya, har da suna na shagwaɓa kowa da nashi.

Kaka ta sha gaya mini cewa kunya ce, ba ƙi ba ne, ita ma haka ta yi wa Baba. Na yarda da bakina. Amma abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce ɗaya ba: Inna ta dube ni sosai, ido cikin ido, ko da sau ɗaya, in ga ta ji daɗin abin da ta gani.

Gidan da ke kallon namu na Mushe Koffi ne, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mutumin Togo da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fara nuna. Kirista ne, shi da matarsa da kowa ke kira Madam. Ran layya mu kai musu cinya, ran Nowel, wato Kirsimeti, su aiko mana da shinkafa da miyar kaji da Madam ke kawo wa Baba ya yanka da hannunsa. Wata shekara ƙanen Mushe ya aiko masa da kamera, irin babbar nan da ake saɓawa a kafaɗa a sa mata kaset. Sai Mushe ya ƙudura zai yi fim na haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da yara, cikin Hausa, don mutanensu su riƙa kallo ran Nowel. Matsalar, ƴan matansu masu irin shekaruna biyu ne kawai. Ɗaya ƙarambau ya kama ta, ɗayar in an ce ta yi magana sai kuka.

Ya sami Baba a rumfarsa ta dukanci, ni ina gefe ina murza masa zare.

“Malam, aron ɗiyarka na zo.”

“Aron ɗiya, Mushe? Turmi ce?”

Baba ya yi kwana uku yana juya maganar, har ya je wurin malaminsa. Ya dawo da sharuɗɗa. Nana Maryamu tamu ce mu ma, in ji shi, sura guda ce da sunanta, saboda haka ɗiyarsa za ta zauna cikin lulluɓi da mutunci. Ba za ta yi wa kowa sujada ba, ba za ta faɗi kalmar da ta saɓa wa tauhidi ba. Sannan a littafinmu babu wani namiji a gefenta. Mushe ya ce a nasu akwai Yusufu. Suka ja, suka ja, aka tsaya a kan cewa Yusufu zai fito, amma can nesa zai tsaya yana riƙe da jaki. (Allah Ya jiƙan Baba. Yau da ni aka tambaya ban san me zan ce ba, amma su a lokacin da shayi biyu suka gama maganar.)

Baba ya karɓi takardar Mushe, ya sa aka karanta masa, ya sake rubuta mini nawa da ajami, don a nan idona ya fi sauri. Layi biyu ne kacal. Makiyaya za su yi sallama, in ce, “Ku shigo ku ga ɗana.” Su tambayi suna, in ɗauke shi in rungume, in dube shi, in ce, “Sunanshi Isa.” Shi ke nan aikina.

Mako biyu muna gwaji a cikin aji bayan an tashi, da matashin kai a madadin jariri. Kuma wallahi na iya. Ina rungumar matashin nan ina dubansa kamar ni na haife shi, har Mushe ya riƙa cewa, “Voilà! Ku dubi yadda ake yi.” Kaina ya kumbura. Na fara tafiya a hankali a tsakar gida, ina sunkuyar da kai gefe guda, har Kaka ta tambaya ko wuyana ne ya ƙage.

Ana jibi za a ɗauka na sami Inna tana tsince shinkafa. Na tsaya daga nesa, na ce wa ginshiƙin rumfa, “Ran Alhamis bayan la'asar ne za a yi, a gidan Mushe.”

Ita ma ta ce wa shinkafar, “An ji.”

Da wannan “an ji” na yi ta rayuwa har Alhamis.

Mushe ya gyara turken awakinsa ya zama wurin haihuwa. Ya baza harawa, ya wanke komin dabbobi ya shimfiɗa zane a ciki. Madam ta naɗa mini shuɗin mayafinta, mai ƙamshin turaren da ban taɓa ji a gidanmu ba. Da rana za a yi, don kamerar ba ta gani in haske ya ragu. Ni na ɗauka mu kaɗai ne kamar a aji, sai Inna a wani lungu. Ashe labari ya zaga. Ina fitowa daga ɗakin Madam na ga mata cike da gidan, wasu a jikin katanga, wasu bisa soron maƙwabta da ƴaƴansu. Ga Kaka a gaba an ba ta kujera ƴar tsugune, goro a kunci. Ga Inna can baya wajen ƙofa, da goyon autanmu.

Sannan Madam ta zo ta kwantar da jariri a cikin komin. Ba matashi ba. Jariri mai rai, mai motsa ƙafa, Afi ɗiyarsu, wata uku da haihuwa.

Na zauna a kan harawa. Mushe ya saɓa kamera ya ce, “Silence! On tourne.” A nan ne wani tunani ya faɗo mini, wanda bai taɓa zuwa ba duk mako biyun nan. Wannan yaron ɗan fari ne. Ni kuma yanzu zan buɗe baki, gaban Kaka, gaban tsofaffin unguwa, gaban Inna, in ce “ɗana”. In rungume shi ina kallonsa. In kira sunansa da ƙarfi har na kan soro su ji. Wace irin mace ce ke yin haka? Na taɓa ganin wata amarya ta sumbaci ɗanta na fari a gidan suna, aka yi wata guda ana zancenta. Inna za ta ce ashe ban koyi komai ba. Kuma ita Nana Maryamu, mafi kunyar matan duniya, a ce ita ce za ta yi wannan rashin ta-ido? Sai na ga ai Mushe ne bai sani ba, baƙo ne. Ni ce zan gyara masa fim.

Makiyaya suka iso, Idi ɗan mahauci a gaba da sanda da ɗan akuyan Mushe a kafaɗa.

“Salamu alaikum. Mun zo ganin jariri.”

Na ja mayafi har haɓa, na juya fuskata ga katanga.

Idi ya gyara murya. “Muka ce mun zo ganin jariri.”

Ban motsa ba. Ina jin Mushe yana raɗa daga bayan kamera, “Regarde le bébé. Dubi yaro. Dubi yaro, ma fille.” Na ƙara kafe ido a kan wata tsaga a jikin katangar. Har yau zan iya zana muku tsagar nan.

Idi ba ya jure shiru, ko a aji. Da ya ga abin da aka koya masa ya ƙare, sai ya koma ga abin da ya saba ji in ya raka uwarsa barka. Ya tsuguna ya ce, “To, barka da arziki. An sauka lafiya? Ya ruwan zafi?”

Wannan kam tambaya ce da mai jego ke iya amsawa. Na ce a ƙasan maƙoshi, yadda na ji mata na yi, “Da godiya.”

“An dai sha kunun kanwa?”

“An sha.”

Aka fara ƙyalƙyala a kan soro. Ni kuwa a raina na ce, ka ji, sun gane, suna yabawa ne.

Sarakunan gabas uku masu kawo wa jariri kyauta, waɗanda ya kamata su jira a kira su, da suka ga ana hira sai suka shigo da kansu, rawuna na warwarewa. Mushe ya ba su gwangwanaye naɗe da takarda mai ƙyalli, amma babbansu, Alhuseini, ya raina kyautar, ya taho da dabino da cuku daga gidansu a aljihu. Ya zube su gabana, ya leƙa komin ya ce, “Tubarkalla, masha Allah. Kai, ya yi kama da…” Ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya dubi Yusufu da ke can yana kokawa da jaki, ya ga ba hanya. Ya ce, “Da Madam.”

Gidan ya ɗauka. Idi ya ɗaga murya don ya maido da fim kan hanya, shi a ganinsa. “To mi sunanshi?”

Na ƙara jan mayafi.

“Mai jego, suna muke tambaya.”

Na ce wa katanga, “Ku tambayi mutanen gidan.”

Ana cikin haka ɗan akuyan nan ya zame daga kafaɗar Idi, ya nufi komin da ya saba ci a ciki, ya fara jan harawa daga ƙarƙashin zanen. Afi ta tsala ihu. Irin kukan nan na jarirai da ke shiga har cikin haƙori. Hannuna ya so ya tafi da kansa, na danne shi a ƙarƙashin cinya. Uwar ɗan fari ba ta rawar jiki don ya yi kuka, na sha gani. Afi ta ƙara sama. Mushe ya manta da raɗa.

“Prends-le! Ɗauke shi mana! Ɗanki ne!”

Ni kuma, cikin muryar da na tanada mako biyu don faɗin suna mai daraja, muryar da ta kai har soro na uku, na ce:

“Ɗan fari ne, Mushe. A kira kakarshi.”

Ban san yadda zan kwatanta muku dariyar ba. Wata mata sai da aka riƙe ta kada ta faɗo daga soro. Jakin ma ya sa baki. Kuma kafin kowa ya farfaɗo, sai ga Kaka ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ratsa makiyaya da sarakuna, ta shigo tsakiyar fim da goronta tana cewa, “Ga ni, ga ni, ku ba ni wuri.” Ta kori akuya da ƙafa, ta ɗauki jariri ta jijjiga, ta ɗaga zane don ta ga ko ya jiƙe. Ta ce, “Af! Ai mace ce.”

A nan ne na gane ba yabo ake yi ba. Zafi ya taso mini daga wuya har kunne. Na cusa fuska cikin mayafin Madam na yi ta kuka, ina jin Mushe yana “Mon Dieu, mon Dieu,” muryarsa na rawa, ban sani ba ko haushi ne ko dariya. Da na samu na ɗaga kai na leƙa wajen ƙofa, bayan Inna kawai na gani, tana gyara goyo tana fita.

A gida Inna ba ta ta da maganar ba. Da na shigo ta ce, “Ke, kwashe shanyar can.” Na kwashe. Na sa a raina cewa na kunyata ta, kuma damar da na samu guda ɗaya na zubar da ita a turken awaki.

Mushe ya so a sake ɗauka, amma rana ta yi ƙasa, mai jaki ya zo ya karɓi abinsa, ni kuma ko da za a yanka ni ba zan koma ba. Haka ya nuna fim ɗin ran Nowel, wai don kada aikin ya tafi a banza. Ashe abin da mutanensa ke so ke nan. Shekara ta zagayo suka ce a sake sa musu. Wata shekarar ma haka. Yaran da ba a haifa ba a lokacin suka tashi sun haddace shi, suna faɗin maganar tare da ni. Kaset ya tsufa aka juye shi a faifai, daga faifai ya shiga salula. Ni kuwa sunana ya ɓace a lakwal, na koma Kakarshi. Har bayan na yi aure, in na shiga kasuwa sai in ji wani mai gemu daga cikin rumfa ya ce, “Mai jego, ya ruwan zafi?” (Idi ne. Ya gaji mahaifinsa, kuma har yau bai iya shiru ba.) Sau da yawa Madam ta aiko in zo in kalla. Ban taɓa zuwa ba. Wa ke zuwa kallon ranar da ya fi jin kunya a rayuwarsa?

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Inna ta yi jinya a ɗakina wata biyar, ina juya ta ina ba ta kunu a baki, kuma har ta cika “ke” nake. Allah Ya haskaka kabarinsu.

Bara, ran Nowel da hantsi, Afi ta kawo mana shinkafa kamar yadda uwarta ke yi. Yanzu ungozoma ce a gidan likita, ita ta karɓi haihuwar autana. Ta zauna a bakin tabarma ta fito da salula.

“Maman, yau kam sai kin gani. Shekara nawa ina jiran ki ba ni haƙuri.”

“Ke Afi, ki rufa mini asiri gaban yara.”

“Ni kika rufa mini? Akuya na cin shimfiɗata kina kallon bango.”

Ta danna kafin in tashi. Hoton ya dusashe, launi ya koma ja-ja. Ga wata ƴar yarinya siririya cikin shuɗin mayafi, ta juya ƙeya kamar an yi mata laifi. Na yi dariya har da hawaye, ban zaci zan yi ba. Ga Alhuseini da cukunsa. Ga Kaka ta miƙe.

To a daidai nan dariya ta ci ƙarfin Mushe, kamerar ta zame daga kafaɗarsa ta karkata, ta share matan da ke jikin katanga har bakin ƙofa, ta ɗan tsaya kafin ya maido ta. Kowa a hoton baki buɗe yake, ana tafawa, ana riƙe ciki. Mutum ɗaya ce ba ta dariya.

Na ce, “Afi, koma baya.”

Inna ce. Yarinya ƙarama ashe, ba ta kai shekaruna na yanzu ba. Mayafinta ya zame har kafaɗa ba ta sani ba. Ba jaririn take kallo ba, don Kaka ta riga ta ɗauke shi ta yi gefe. Ni take kallo, can inda na dunƙule ina kuka. Ta yi taku ɗaya gaba, hannunta biyu sun miƙo. Sai ta tsaya, ta dubi matan da ke gefenta, ta mai da hannuwan baya kamar goyo take gyarawa. Amma idon bai bar kaina ba har kamera ta tafi.

Na sa Afi ta koma baya ban san sau nawa ba, har shinkafa ta huce. Ba ta ƙara tsokana ba. Da za ta tafi ta tura mini guntun a salulata.

Abin da na yi shekara da shekaru ina nema, ashe an ba ni shi ranar, gaban unguwa guda. Ni ce ban gani ba, saboda na dage ina nuna wa katanga cewa na iya kunya. Na kwaikwayi Inna daidai yadda take in ina kallonta. Yadda take in na juya baya kuwa, ban taɓa tunanin akwai shi ba.

Za ku ce daga nan na gyara hali. Nawa ɗan farin yana Jado wajen haƙar zinariya, shekara biyu ke nan ban sa shi a ido ba. Duk Juma'a yakan hau wani tudu inda ake samun rezo na salula ya kira. Juma'ar da ta biyo baya na yi alwala, na zauna da salula a hannu, na yi niyyar yau zan kira sunansa ya ji da kunnensa. Ta yi ƙara, na ɗauka, na buɗe baki.

“Kai. Kana dai cin abinci?”

“Ina ci, Inna. Lafiya? Muryarki ta canza.”

“Mura ce.”

Muka yi zancen sanyi, da kuɗin ruwa a can, da ƙafarsa da ta warke. Rezo ya ɗauke. Sai da na tabbata layin ya mutu sannan na faɗi sunan, sau biyu, a fili, har autana ya leƙo ya tambaya da wa nake. Na ce ya tafi ya ba awaki ruwa.

Yanzu dai na san in mutum zai yi koyi da babba, ya fara bincika abin da babban ke ɓoyewa. Saura in koyi faɗin suna tun rezo bai ɗauke ba.